Na Kai Baba London Gashin Hannu

Tun da muka dawo ban huta ba. A ofis a tambaye ni, a majalisar ƙofar gida a tambaye ni, har mai shayin bakin layinmu sai da ya tare ni wai da gaske ne Turawa ba sa gaisawa. Na gaji da maimaitawa. Ga kuma zancen da ake yaɗawa cewa na bar ubana da yunwa a ƙasar mutane. To, ga shi na rubuta sau ɗaya, wanda ya ƙara tambaya sai in miƙa masa takarda.

Waɗanda suka san mu sun san Baba wanzami ne, gadon kaka da kakanni, kuma rabin mazan unguwarmu shi ya yi musu askin suna. Bayan babbar sallar bara ya faɗi a zaure, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafa ta dawo kaɗan-kaɗan har yana dogara sanda, baki ma ya daidaita, sai dai magana a hankali. Hannu ne ya ƙi, yatsun har sun fara lanƙwashewa ciki. Baba kuwa ya rantse ba zai kai abinci bakinsa da hagu ba ko da yunwa za ta kashe shi. Wata biyar ana ba shi a baki.

Yayanmu Alhaji Habu, wanda kwangilar siminti ta buɗe masa a shekarun nan na kuɗin mai, ya ce a fita da shi waje. Yanzu ai ko ciwon haƙori ne sai London. Shi ba zai iya barin aiki ba, ni kuma akawu ne a ma'aikatar ayyuka, ina da Turancin cike fom, sai aka ce Sabi'u ne zai je. Ranar haɗa kaya Baba ya ce a sa masa zabirarsa. Yaya ya yi lallashi, ya ce me mara lafiya zai yi da asake da ƙahoni a Ingila. Baba ya ce shekara hamsin bai kwana gari ɗaya zabirar tana wani gari ba. Aka sa ta a ƙasan akwati.

Jirgi bai dame shi ba. Abin da ya dame shi alƙibla, don kowane lokaci ya tambaya sai in nuna masa wani gefen dabam. Da aka kawo abinci a ɗan faranti na ɗauki cokali ina ba shi, wata Baturiya a kujerar gefe tana ta satar kallonmu. A raina na ce kalla da kyau, ki ga yadda ake riƙe uba.

Da safe muka sauka. Mai duba fasfo bai ɓata mana lokaci ba da ya ga takardar asibiti. Wajen kwastan ne aka yi ta. Wani jan Bature ya zazzage akwatin, ya zaro zabira, ya fito da ƙaho ɗaya yana juya shi, har da shinshinawa. Ya ce mene ne wannan. Na ce kayan ado ne, tsaraba muka kawo wa abokai. Asaken kuma na ce tsohon ne yake aske kansa da su. Ya ɗaga kafaɗa ya mayar. Baba ya tambaye ni me na gaya masa, na ce na gaya masa kayan aikinka ne. Ya yi mini irin kallon da yake wa kan da aka yi wa aski a wani wuri. Ba zan ɓoye muku ba, tun ina makaranta ba na son a ce da ni ɗan wanzami. A takardar asibiti ma, wajen sana'a, ɗan kasuwa na rubuta masa.

Malam Tanko ne ya tarbe mu, wani Bazazzagi abokin Yaya da gwamnati ta turo karatun akanta. A Catford yake zaune da matarsa Asabe, cikin wani siririn gida da in ka miƙa hannu biyu a soron shiga sai ka taɓa bango da bango. Suka bar wa Baba ɗakin ƙasa saboda matakala. Kwana bakwai Baba yana sa a gyara masa zama da hantsi, yana jiran masu zuwa dubiya. Ba wanda ya leƙo. Maƙwabcinmu wani tsohon Bature ne mai ɗingishi, kullum sai ya wuce ta gaban taga da sanda a hannu ɗaya, jakar cefane a ɗaya. Tanko ya ce 'ya'yansa uku, duk a cikin garin suke. Baba ya girgiza kai ya ce Allah ya raba mu da haihuwar asara, na ce amin da ƙarfi.

Abinci kam Asabe ta yi ƙoƙari. Ranar Asabar muke raka ta kasuwar Deptford, ta sayi nama wurin wani Bapakistane, kuɓewa da barkono kuma wurin wata mata 'yar zangon Kumasi mai Hausa irin tasu, wadda take ce wa Asabe kai maimakon ke. Daddawa babu, goro kuwa ya bushe ya yi tauri, amma Baba yana sa shi a baki don tuna gida. Motar da muke shiga zuwa asibiti mai hawa biyu ce. Kwandastan baƙar fata ne, Baba ya yi ta gaishe shi da Hausa kwana uku, da na ce masa mutumin Jamaika ne ya ce ko ma ɗan ina ne ai ya kamata ya amsa.

Babban likita bai wuce minti goma da mu ba. Ya ce abin da ya lalace a kai ya riga ya lalace, ba allura ba tiyata, abin da ya rage gashi ne da motsa jiki. Ya ba mu mako shida. In hannun ya motsa a ci gaba, in bai motsa ba mu koma gida, don zaman ba zai ƙara komai ba. Na fassara wa Baba rabi na haɗiye rabi.

A sashen gashi aka danƙa mu hannun wani siririn mutum mai tabarau, Mista Yun. Na ɗauka ɗan Sin ne, ya ce a'a, Koriya, kuma da alama ya gaji da yi wa mutane wannan gyaran. Baba ya kasa riƙe sunan ya mai da shi Yunusa, shi ke nan ya bi shi. Da na miƙa masa katinmu hannu biyu ya sa ya karɓa, har da ɗan rusunawa. Baba ya ce wannan akwai manya a gidansu.

Karatun gashi irin na Turawa ya yi, amma kakansa mai maganin gargajiya ne a ƙauyensu. Abin da ya kawo shi London bincike ne, yana so ya gano ko dabarun tsofaffinsu na sassauta jijiya suna taimaka wa wanda ya shanye ya iya motsa gaɓa. Ya nemi izini ya sa Baba cikin waɗanda yake gwadawa. Na tambaye shi ko abin yana aiki, ya ce da ya sani ai da bai zo bincike ba. Ni amsar ba ta yi mini ba. Baba kuwa da ya ji ya ce mai magani na gaskiya ke nan, a fara.

Kullum da safe a tsoma hannun cikin narkakken kakin zuma mai ɗumi, a ja shi da igiya a kan ƙarfe, a ba shi ƙwallon roba ya matsa. Talata da Alhamis kuma Yunusa ya shigar da mu wani ɗan ɗaki don nasa aikin. Yana murza wani busasshen ganye ya kunna shi, ya riƙe kusa da fata har wurin ya ɗauki zafi. Baba ya shaƙi hayaƙin sau ɗaya ya ce tazargade ne, ko ɗan'uwansa. Daga nan sai ya ɗauko wasu 'yan kofunan gilashi, ya zura wuta ciki ya kifa a kafaɗa, su kama fata su tsotse ta. Ƙaho ne, ba wani abu ba, sai dai na gilashi kuma babu tsaga. Baba ya yi ta gunaguni cewa ba a nan ake kafawa ba, ni kuma ina ce wa Yunusa Baba ya ce ya gode.

Kowace Juma'a akan ba Baba wata roba mai agogo a jiki ya matsa, Yunusa ya duba inda allurar ta tsaya ya rubuta. Mako uku allurar nan ba ta gusa ba. Rabin wa'adinmu ke nan ya tafi.

Ranar Juma'a ta ukun Yunusa ya ce yana so ya zauna da mu lokacin cin abinci. Na buɗe kwanon da Asabe ta ɗaura mana, na wanke hannu, na riƙa yanko loma ina ba Baba. Na goge masa gemu, na gyara masa hula, na durƙusa na sa masa takalmi. Ina yi ina jin daɗi, don na ɗauka yabo ne zai biyo baya. Sai ya tambaye ni wa ke sa masa riga da safe. Na ce ni. Wanka fa, da wanke hannu kafin salla? Na ce duk ni.

Ya ce, "Ni awa ɗaya nake da shi a yini, saura duk naka ne. Ina koya wa hannun nan aiki, kai kana koya masa cewa ba a bukatarsa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa mu a ƙasarmu ɗa ba ya zuba wa ubansa ido yana fama da kwano, wannan sai Turawa. Ya ce su ma haka ne, har sun fi mu. Kakansa mai maganin nan irin wannan ciwon ne ya kama shi. Shekara uku shi da mahaifinsa suna ba shi a baki, duk ƙauye ana yaba musu, kuma da hannun a dunƙule aka binne shi. Ya ce daga yau in an ajiye abinci in zauna a kan hannuwana. Har ya gwada mini a kan kujera, ya tura tafukansa ƙarƙashin cinyoyinsa.

Na gwada a gida. Rashin sa'a ranar miyar kuɓewa Asabe ta yi, wadda mai lafiya ma sai ya yi dabara. Na ajiye kwano gaban Baba, na yi masa bayani, na zauna yadda aka ce. Ya dubi kwanon, ya dube ni. Ya tallafo hannun daman da na hagu ya kai, hannun ya faɗa cikin miya. Ya juya fuskarsa bango. Kwana biyu kunu kawai yake sha, shi ma don yana iya rungumar kofin da hannu biyu. Asabe ta tare ni a kicin idonta da ƙwalla, ta ce, "Malam Sabi'u, ka ji tsoron Allah. Mutumin da ya haife ka ne fa." Ita ta ba wata mai komawa Kano labari, ta nan zancen ya riga mu isowa. Ban ga laifinta ba, da ni na ga wani yana yin haka da abin da zan faɗa ya fi nata. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na kwana biyun nan ba. A rana ta uku na kasa, na ɗauki kwano na ba shi a baki. Ya ci, amma ya daina yi mini magana.

Talatar da ta biyo baya Yunusa ya kifa kofinsa a kan kafaɗa kamar kullum, sai Baba ya buɗe baki.

"Kai, Sabi'u. Ina yin magana mai tsawon kamu guda, kai kana faɗin kalma biyu. Yau ka gaya masa yadda na faɗa. A kan ƙashi yake kafawa, ƙaho kuwa nama yake so. Ya sauko ƙasa da yatsa uku."

Na faɗa. Yunusa ya sauko da kofin, ya kama tsam fiye da yadda ya saba. Ya tambaye ni ina tsohon ya san wannan. Babu wurin gudu. Ina kallon ƙasa na ce wanzami ne, na yi masa bayanin aski da kaciya da ƙaho. Ya dubi katin inda na rubuta ɗan kasuwa, ya dube ni. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce gobe mu zo da kayan.

Washegari zabira ta shiga mota mai hawa biyu. Yunusa ya wanke hannu kafin ya taɓa ta. Ya ɗauki ƙaho da hannu biyu yana tambaya yana rubutu: ina ake kafawa don ciwon baya, wane lokaci na shekara, wa ba a yi wa. Baba ya yi maganar da bai yi ba a wata shida, har yana katse ni in na yi jinkirin fassara. Can sai Yunusa ya tuɓe rigarsa, ya zauna a kan 'yar kujera ya juya baya, ya ce a nuna masa. Baba ya miƙa hagu zai ɗauki ƙahon.

Yunusa ya ce, "Tambaye shi, da wannan hannun mahaifinsa ya koya masa?"

Na tambaye shi. Babu wanzamin da yake kafa ƙaho da hagu. Ya janye ta, ya turo hannun daman a kan cinyarsa, ya yi ta fama har yatsu biyu suka maƙale ƙahon. Kafin ya kai bayan ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin gado. Na zabura zan ɗauko in riƙe masa, Yunusa ya waiwayo ya dubi hannuwana, na koma na zauna a kansu. Shi ya ɗauko ya ajiye a gaban Baba. Ranar ƙahon ya faɗi har na daina ƙirgawa, bai kafu ba.

Daga nan kullum bayan an gama na asibiti sai a yi kwata guda Baba yana gwada kafa ƙaho a bayan Yunusa. Wata sista ta taɓa shigowa ta tarar da ma'aikacinsu ba riga, wani tsoho mai rawani ya kafa baki a ƙaho a gadon bayansa, ta juya da sauri. Magana ta kai ga babban likita, ya ce a ci gaba muddin ba za a fito da aska ba. A rana ta takwas Baba ya danna ƙahon da hannunsa, ya zuƙe iskar, ya toshe bakin da 'yar jijiyar da wanzamai suke taunawa don toshe ƙaho, ya saki. Ƙaho ya tsaya. Muka zuba masa ido mu uku. Abin da Baba ya ce kawai shi ne in gaya wa Yunusa bayansa ba nama, ya riƙa cin abinci.

A gida bayana da na Tanko suka zama wurin gwaji. Ran nan Asabe ta kawo tuwo na ɗauki kwano, sai Baba ya ce in ajiye, in zauna yadda Yunusa ya ce. Lomar farko a gemu ta ƙare, ta biyu a riga, ta uku ta shiga. Asabe ta daina kuɓewa ta koma miyar gyaɗa mai kauri, ba ta kuma ƙara yi mini wa'azi ba, ko da yake ba ta ba ni haƙuri ba.

Allurar agogon ta gusa, aka ƙara mana mako uku. Na tambayi Yunusa wanne ne ya yi aikin, ganyen, ko kofunan, ko kakin zuma, ko ƙahon. Ya ce bai sani ba. Har ma ya ce Baba ya ɓata masa bincike, don yanzu ba zai iya haɗa shi da sauran ba, sai dai ya rubuta nasa dabam. Ban ga alamar abin ya dame shi ba.

Kada wani ya ce na ce Baba ya warke. Ana saura kwana uku mu taho ya sa na kawo ruwa da sabulu, ya zaunar da ni a ƙasa a kicin ɗin Asabe. Ya wasa aska, ya jiƙa mini kai, ya fara. Ya yi ja biyu lafiya, a na uku hannun ya yi rawa ya yanke ni a bayan kunne. Ya tsaya yana kallon jinin. Ya goge askar a hankali, ya naɗe ta ya mayar cikin zabira, ya ce kan mutane ba wurin gwaji ba ne. Tanko ne ya ƙarasa mini da rezar Bature. Har yau Baba bai ƙara fito da askar nan ba, kuma na san abin yana cinsa.

Ranar sallama ya ba Yunusa ƙaho biyu, shi kuma ya ba shi ƙunshin ganyen da kofuna huɗu. Suka daɗe riƙe da hannun juna, kowa yana magana da yarensa, ba wanda ya nemi in fassara. A filin jirgin Kano ɗan kwastan ya ɗaga kofi ɗaya ya ce na mene ne. Na ce kayan aikin babana ne, wanzami ne.

Yaya ya yanka rago, gida ya cika. Bayan azahar aka shimfiɗa tabarmi a zaure, aka sa wa Baba sabuwar shadda, aka ajiye masa tuwo da miyar kuka. Na zauna kusa da shi na tura hannuwana ƙarƙashin cinya, don na riga na saba. Baba ya yanko loma, hannu yana rawa, miya ta ɗiga a gaban rigar. Na ji wani dattijo a bayana yana cewa ashe abin da aka faɗa gaskiya ne, yaro ya je London ya zama Bature. Yaya ya harare ni ya ce, "Sabi'u, makancewa ka yi?" Ya tattare hannun babbar rigarsa, ya durƙusa ya jawo kwanon.

Baba ya dafe bakin kwanon da hannun daman. Ya ce, "Habu, ka biya kuɗin jirgi, Allah ya yi maka albarka. Yanzu koma can ka zauna a kan hannunka, kamar yadda ƙanenka ya yi."

Yaya ya dubi mutane, ya dube ni. Ya ja da baya a hankali, ya ɗaga babbar riga, ya tura hannuwansa ƙarƙashinsa da agogon zinarensa da komai. Baba ya sake yanko loma. Rabi ya zube a hanya, rabi ya isa, ya tauna ya haɗiye, sannan ya ce a gaya wa masu girki miyar ta yi gishiri.